Rasuwar Alhaji Abukari, Mai Tutar Kwanar Gangara

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini, da kuma kunyar da ba zan ɓoye ba, Ƙungiyar Zumuncin Hausawa ta Woolwich take sanar da 'yan'uwa rasuwar dattijonmu, babanmu, Alhaji Abukari Abdul-Mumuni, mutumin Kumasi, tsohon direban bas, wanda Allah Ya karɓi ransa shi kaɗai a gidansa yana da shekara saba'in da ɗaya. An yi masa sutura ranar Laraba.

Shekara goma sha takwas marigayi Alhaji yana aikin sa-kai a wani filin tsere da ke Kent, can wajen Landan, inda ake tseren motocin a-kori-kura a kan titi mai kwana-kwana da hawa da gangara, wanda ya ratsa cikin itatuwa. Aikinsa riƙe tuta. Yakan tsaya a wata kwana can ƙasan gangara, nesa da 'yan kallo, ko ana ruwa ko ana sanyi. In wata mota ta wuntsila ko ta zubar da mai, sai ya ɗaga tuta don na baya su rage gudu kada su afka mata. Ya taɓa gaya mini yana dariya cewa bai taɓa ganin wanda ya ci tseren ba, kowace mota daƙiƙa uku take yi a gabansa ta ɓace. A bayan tarin tayoyi yake sallar azahar.

Ranar Asabar bai je ba, kuma bai taɓa fashi ba. Wani Bature abokin aikinsa ya yi ta kiran waya shiru, da aka tashi ya tuƙo mota har Woolwich ya sa aka buɗe ƙofa. Likita ya ce ya kwana biyu da cikawa. Mu da muke bayan layinsa ba mu sani ba.

Kowace shekara yakan kawo mana tikitin shiga kyauta wurin taro, mu karɓa mu ce insha Allahu, a bayansa kuma mu ce tsoho da wasan yara. Jiya na samu guda uku a ƙasan jakata.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga 'yarsa tilo, Malama Fausia, da ke Kumasi, da dukkan dangi. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa rayukan da ya kare da tutar nan su zame masa nauyi a mizani, Ya ba Fausia juriya.

Lahadi mai zuwa ce tseren ƙarshe na bana. Direbobin sun ce kafin a fara za su zaga sau ɗaya a hankali, suna son wani nasa ya riƙe tutarsa a kwanar. Fausia ba za ta samu zuwa ba, ta tambaye ni ko babanta yana da mai tsaya masa. Na ce mata yana da shi.

Zan jira a tashar Woolwich Arsenal ƙarfe takwas na safe. Ban iya riƙe tuta ba, an ce za a nuna mini. Mai zuwa ya sa takalmi mai kauri, wurin akwai taɓo. In kuma ba wanda ya zo, zan tafi ni kaɗai.

Sa hannu:
Hajiya Ummukulthum Lawal
Kakakin Ƙungiyar Zumuncin Hausawa ta Woolwich, Landan