Takalmin da Kawu Ya Take

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa daga Gumel. Ya jikin Anti Hauwa, ya yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan lafiya lau, ban da ƙafata.

Takalmin gudun da ka aiko mini don shirin shiga soja, Kawu Bala ya ara ya tafi masallacin Juma'a. Ka san halinmu, ya take bayansa don sauƙin cirewa. To, taurin nan na baya shi ke riƙe dunduniya kada ta karkace, ga ƙasan takalmin da tudu. Ina gudu a yashin hanyar Ɗanzomo dunduniyata ta zame, na yi targaɗe a idon sawu.

Yanzu kowa a gida cewa yake gudu bai karɓe ni ba, in haƙura in koma gona. Ba zan haƙura ba, Yaya. Gudu bai yi mini laifin komai ba. Ranar da kumburin ya sace zan fita, ko ba takalmi.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. In za ka sake aiko wani, ka haɗo wa Kawu silifas.

Ƙaninka,
Habu