Takalmin da Na Cire a Bakin Ƙofa

Yaya Chizuru,

Bayan gaisuwa, ya yara, ya kuma jikin Mama? Ni lafiya lau nake a Sao Paulo, sai ɗan ciwon baya na aikin masaƙa.

Kin ce in dawo Sendai tun Mama tana gane mutane. Ƙungiyar addinin nan da na shiga, ban musa ba, cutata take yi, kuma da ƙafata na bar ta daga baya. Amma ranar nan da kuka kira ni gida don ku raba ni da ita, liyafa kuka ce mini. Mama ta ce, "Shigo mana, auta, shinkafa za ta huce." Na cire takalmi a bakin ƙofa kamar kowane ɗan mutunci, ke kika ɗauke shi. Wata biyar ina kulle a ɗaki, faston da kuka kawo yana ta wa'azi, wai sai na warke. Na san kina kuka a bayan ƙofar, ina jin ki.

Zan zo. Amma ki turo Mama a kekenta zuwa lambun bakin kogi, a can za mu haɗu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, har yau ba na iya tuɓe takalmi a gidan kowa.

Ƙaninki,
Noboru