Takardata a Cikin Kwallarki

Gwaggo,

Na fita kina gona. Na bi motar Malumfashi, don yau ne mai kemis ɗin nan zai rufe karɓar takardun masu neman aiki.

Ɗazu ina neman daddawa na buɗe kwallarki ta ƙasa, sai ga takardata a naɗe cikin ɗankwali. Ita ce shaidar da Malama Amatullahi ta rubuta mini, bayan na yi wata huɗu ina auna jarirai kyauta a asibitin garinmu tun da muka gama sakandare. Da hannuna na kawo miki ajiya. Sau uku ina tambayarki kina cewa ɓera ya cinye. Har kuka na yi a gabanki, kika ce in yi haƙuri.

Na sani, ɓarar masara ta zo, ba ki da mai taya ki.

Tuwo yana cikin kula, ki ci kafin ki sha maganinki. Zan dawo kafin magariba.

Ke kika goye ni, Gwaggo. Da kin buɗe baki kin ce kada in je, wallahi da na zauna.

Kausar