Ni Hobo Ne, Ba Bum Ba

North Platte, Satumba 1937

Babana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ka a Wenatchee kafin ka sake ɗaga ƙafa. Mijina Harlan yana gaishe ka, haka jikarka June, wadda haƙora biyu suka fito mata, ba ta kuma bar yatsan kowa lafiya ba.

Ranar Lahadi bayan coci surukata ta tambaye ni a gaban mata, "Wai Verna, baban naki yana nan yana yawonsa na tramp?" Na ce mata eh, yana nan lafiya. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Tun rasuwar Mama kake ɗare jiragen ƙasa na kaya ba tikiti, shekaru sun ja, ga sanyi na tafe. Ɗakin bayan kicin ba kowa sai buhunan dankali. Ka dawo gida ka huta, Baba. Ba za mu bari ka taɓa ko tsinke ba.

'Yarka mai kewarka,
Verna

Wenatchee, Oktoba 1937

Verna 'yata,

Na gaishe ku duka. Ki sumbaci mai cizon nan a madadina, amma daga nesa.

Kika ce mata eh? Ni na haife ki, aka kira ni tramp a ƙofar coci, kika ce eh? To gyara zama ki ji. Hobo yana tafiya yana aiki. Tramp yana tafiya, amma da ya hango gatari sai ya sake hanya. Bum kuwa ba tafiya ba aiki, inda ka bar shi da safe nan za ka tarar da shi da yamma, sai dai in inuwa ta matsa. Ni na yanki alkama a Kansas, na sari katako a Idaho, na tsinki tuffa har sai da na fara mafarkinta. Ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofar kicin ɗin wata mata ba sai na fara tambayar inda itacen faskare yake. Ki gaya wa uwar Harlan haka, amma cikin ladabi, tunda ke ce kike zaune da ita.

Batun ɗaki kuwa, na gode, kuma ya taɓa ni fiye da yadda zan faɗa. Sai dai ki auna da kanki. In zo in zauna, ba tafiya, ba aiki. Me na zama ke nan? Gara in bi jirgin kudu in tsinki lemo a California.

Ku huta lafiya.
Babanki,
Emmett

Maman June, ki yi haƙuri da wannan ƙarin a ƙasa. Ni ne Cletus, abokin tafiyarsa, ni nake rubuta masa. Ya ce in kin tambaya in ce tabaraunsa ne ya fashe. Ƙarya ne. Faɗowa ya yi daga tsani a gonar tuffa, kafaɗar dama ta goce, hannun ba ya ɗaguwa. Mai hannu ɗaya ba ya kama jirgi yana gudu. In ya gwada, ƙarƙashin tarago zai tafi, kuma na san shi, zai gwada. Kar ki ce daga bakina kika ji.

North Platte, Oktoba 1937

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Na isar da saƙonka. Surukata ta ajiye kofinta ta ce, "Duk ba gantali ba ne?" Na ce, "A'a Mama, namu da albashi." Har yau ba ta gama huce mini ba.

Na kuma janye maganar hutu. Mun yi shawara da Harlan, ba mu da halin ciyar da bum. Ma'aikaci muke nema. Wani dila ya gano hanyar akurkin kaji, kuma Harlan, Allah ya sani ina son sa, amma in ya buga ƙusa sai ta fito tana gaida maƙwabta. Ƙofar shinge a igiya take rataye. June ba ta barci sai ana jijjiga gadonta, ni kuma wankin mutane ya sha mini kai. Duk aiki ne da mai hannu ɗaya ma zai iya. Ladan shi ne abinci sau uku da gado, kuma ba a korar ma'aikaci don ya cika surutu.

Yanzu in bar wasa. Duk lokacin da mai kawo wasiƙa ya tsaya a ƙofarmu da rubutun da ban sani ba, sai in ɗauka labarin mutuwarka ne ya zo. Na binne Mama, ban shirya a aiko mini da hularka a ambulan ba. Ina son June ta san fuskarka. Kar ka kama jirgin kudun nan, Baba. Roƙonka nake.

Taka har kullum,
Verna

Wenatchee, Nuwamba 1937

Verna,

Gaisuwa. "Mai hannu ɗaya" ko? Na san wanda ya yi tsegumin. Shi yake rubuta wannan, kunnuwansa sun yi jajir don kunya.

Na karɓi aikin, na gwaji, zuwa narkewar ƙanƙara. Ki hana Harlan taɓa komai.

Zan iso ranar Alhamis. A cikin jirgin fasinja, a kan kujera, da tikiti a aljihu kamar wani mai wa'azi. Kar ki gaya wa kowa. Ki zo mini da June tasha.

Babanki,
Emmett