Likita Ta Rubuta Na Warke, Hannuna Bai Daina Rawa Ba

Gwaggo, don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe ki taimake ni, na rasa tudun dafawa. Shekarata arba'in da uku, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Aikina tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito a garin da ba na Hausawa ba, shekara goma sha ɗaya ko bango ban taɓa bugewa ba.

Wata bakwai ke nan, ina sauko da kwalayen tayil daga kanta ta sama, katakon da aka jera su a kai ya karye. Abokin aikina yana ƙasa. Tsoho muke ce masa don furfura ta yi masa sammako, alhali na girme shi da shekara biyar. Mu biyu ne kaɗai masu jin Hausa a wurin, kwano ɗaya muke ci da rana. Bai kai asibiti ba. Aka yi bincike, aka ce katakon ne ruɓaɓɓe, ba ni da laifi.

Ga abin da ban faɗa wa masu bincike ba, ban faɗa wa matata ba. Tsoho bai cika nan take ba. Ya kira ni da Hausa, yana roƙo in ɗaga masa kayan. Hannuna yana kan sandar ɗagawa, amma ya ƙi motsi. Minti ɗaya ne ko biyu, ban sani ba, sai da wani ya fizgo ni daga kujera ya hau. Tun ranar, ko cokali ya faɗi a kicin sai gumi ya karyo mini. Autata ta ture kujera, na daka mata tsawar da har yau in na shigo bayan uwarta take laɓewa.

Kamfani ya tura ni wurin likitar ƙwaƙwalwa, irin masu magani da hira. Mace ce mai kirki, ɗakinta kujera biyu, agogo, da kwalin tishu a gabana kamar ana jira in fara. Yaren garin nan ina jin sa sarai, da shi nake rigima da makanike. Amma in na buɗe baki kan Tsoho, sai maganar ta fito a bushe kamar ina kai rahoton fashewar taya. A zama na biyu na nemi tafinta. Aka duba, mutum ɗaya ne mai Hausa a jerinsu, kawun matata, wanda ya ba ni aurenta. Mutumin da ko abinci ba na iya ci a gabansa, shi zan zauna in yi wa kuka? Na ce a bar shi.

Ga kuma wautata. Duk zuwa sai ta tambaye ni yaya nake, ni kuma in ce lafiya lau, an gode Allah, yadda aka koya mini a gida. Wa ke amsa gaisuwa da ƙorafi? Ta ba ni takarda in zaɓi daga ɗaya zuwa goma inda damuwata ta kai. Na zaɓi uku. Ina da rai, ina da ƙafafu, Tsoho yana kabari, in na ce goma ai na yi wa Allah butulci. Zama huɗu ta rubuta cewa na warke.

Na shiga neman likita mai jin Hausa da yaren nan. Lamba shida na kira. Huɗu ba su da shi, ɗaya ya ce in jira wata takwas, na ƙarshen ashe mai sayar da maganin ciwon baya ne.

Yanzu rahoton likitar ya isa ofis, ranar Litinin mai zuwa za a miƙo mini makullin motar. In na ƙi, aiki ya tafi. In na hau, wani ɗan mutane zai tsaya a ƙasa, ga hannuna ko kofin shayi ba ya riƙewa daidai. Wani lokaci nakan ji da ma ni ne a ƙarƙashin kwalayen nan. Na gaji, Gwaggo, wallahi na gaji.

Direban Sito

AMSA

Ɗana Direba, wasiƙarka ta sa ni ƙwalla, amma lokaci ya ƙure mana, don haka bari in tafi kai tsaye.

Ranar Litinin kada ka karɓi makullin nan. Kafin ranar, koma wurin likitar da takarda a hannu, wadda ka rubuta a gida a natse. Gaya mata "lafiya lau" gaisuwa ce a wurinmu, ukun da ka zaɓa kuma kunya ce ta zaɓa. Ba zan ɗora mata laifi duka ba, abin da ka ba ta da shi ta yi aiki. Amma ita ma ta yi gaggawa, mutumin da abokinsa ya mutu a gabansa ba a sallamar sa a zama huɗu. Roƙe ta ta gyara rahoton, a ba ka aikin ƙasa zuwa wani lokaci. Faɗa wa likita gaskiyar ciwo ba butulci ba ne, da ƙafarka ce ta karye ai ba za ka ce uku ba.

Maganar surukinka, ina bayanka. Ka ce da su akwai dangantaka, ka nemi tafinta ta waya daga wani gari, wanda bai san fuskarka ba. Likita mai yare biyu kuwa, daina takura kanka a garinku. Tambayi ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa, ka nemi mai duba mutane ta bidiyo, ka tabbatar yana da shaidar aiki kuma ya saba da masu firgici bayan haɗari. Jin Hausa kaɗai ba ya mai da mutum likita. Sa sunanka a layin mai wata takwas ɗin ma, amma kada ka zauna jira hannu rabbana. Ba zan ruɗe ka ba, za ka iya daɗewa kana nema.

Hannun da ya ƙi motsi, jiki ne ya sandare don firgita, yana faruwa da jarumai ma, ba zaɓinka ba ne. Ko sakan nawa ne suka wuce, da abin da za su iya canzawa, ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba. Wannan shi ne abu na farko da za ka faɗa wa likita, ko da Hausa ne ka fara zubo shi kafin a fassara.

Maganar da ma kai ne a ƙarƙashin kaya ita ta fi tsorata ni. Faɗa wa matarka yau, ta daɗe tana ganin abin a fuskarka. In tunanin ya yi ƙarfi, ku nufi asibiti a take.

An riga an fitar da gawa ɗaya daga siton nan, ɗana. Kada kunya ta sa a fitar da ta biyu. Allah ya jiƙan abokinka, ya sanyaya maka zuciya, ya haɗa ka da mai jin ka.

Gwaggonku