Sunan Yankan Ɗan Azumi

Sango, Agege
14 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Yaya Nata'ala,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka Anti Zinariya da yara duka. Mu nan Agege sai godiya. Ruwa ya ƙi ɗaukewa har yanzu, goro kuwa ya cika kasuwa har muna roƙon mutane su saya.

Yaya, abin kunya ya same ni, kuma kai ma da rabonka a ciki. Ka tuna Baba Kofur, tsohon sojan nan mai ɗingishi da ke zama a ƙofar masallacin 'yan goro? Shi ne yanzu shugaban 'yan mazan jiya na unguwarmu. Tun da soja suka koma bariki bara, duk wanda ya taɓa sa kaki sai a riƙa yi masa kallon ɓarawo, abin yana ci masa rai. Ya ce waɗanda suka hau mulki daban, waɗanda suka tafi fagen fama ba su dawo ba daban. Don haka za su kafa allon dutse a jikin ofishinsu, da sunayen 'yan unguwa da suka rasu a yaƙi. Ranar sha biyar ga Janairu za a kira kowane suna a gaban jama'a, liman ya yi addu'a.

Ni kuwa ka san ni da rawar kai. Na tafi da ƙafata na ce gidanmu mutum biyu ne da mu: kakanmu Saje da ya kwanta a ƙasar Bama a yaƙin duniya, da Yaya Ɗan Azumi sojan ruwa da ya kwanta a yaƙin basasa. Na faɗa da ƙarfi don mata su ji. Baba Kofur ya ɗauki biro ya ce, "To, Furera, mene ne sunansu na yanka?"

Shekarata talatin da bakwai, ban san sunan yayana uwa ɗaya uba ɗaya ba. Saje muƙami ne, Ɗan Azumi kuma watan haihuwa ne. Kofur ya ce ba za a sassaƙa laƙabi ba, sai sunan da ke cikin littafin soja, don kar gobe wani ya ce ƙarya suka yi. Mai sassaƙar zai karɓi takardar sunaye ranar ƙarshe ga Disamba.

Kai ne babba, kai ne hedimasta. Ka aiko mini da sunayen ta hannun Mahamadou direban motar goro. Idan ba ka sani ba, ga Inna nan kusa da kai.

A gaida Inna da kyau, ka ce ina nan tafe da zannuwanta bayan Sallah.

Ƙanwarka,
Furera

*

Malumfashi
27 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga ƙanwata Furera,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, takardarki ta iso, kuma na fahimci abin da ke cikinta. Inna lafiyarta ƙalau, sai ciwon gwiwa da kika sani.

Zan faɗa miki gaskiya, ni ma ban sani ba. Na kwana biyu ina bincika ƙwaƙwalwata. Abin da na sani shi ne suna ɗaya ne suke da shi su biyun. Labarin rasuwar Saje ya iso Agege a watan azumin da aka haifi Yaya, sai Baba ya mayar masa da sunan mahaifinsa. Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa kama sunan mahaifinsa a gabanmu ba. Shi kuwa Saje daga ƙasar da Faransi ke mulka ya gudo ya shiga soja, bai bar mana garin da za mu je tambaya ba. Takardun Baba kin san ruwan da ya ci ɗakinsa ya tafi da su tun kina firamare.

Saura Inna. Ki yi tunani a kan abin da kike nema. Sunan ɗanta na fari ne, kuma sunan surukinta ne. Ko ɗaya daga cikin biyun ya isa ya kulle bakin macen zamaninsu. Shekara hamsin da biyar ba ta furta shi ba. Idan baƙo mai wannan suna ya zo, na tabbata "mai sunan manya" za ta ce masa. Da wane ido zan dube ta in ce ta faɗa?

Kada ki ɗauka ba na alfahari da shi. Ke kina da shekara huɗu, ni ina da tara. Na tuna ranar da ya fara dawowa hutu cikin fararen kayan nan, ya taho a ƙasa daga tashar jirgi har gida. 'Yan goro suka miƙe tsaye daga kan huhunansu. Yarabawa suna leƙowa suna tambaya, wai da gaske Bahaushe ne a jirgin yaƙi? Ni na riƙe masa hula har ƙofar gida, ban yarda kowa ya taɓa ba.

Amma Allah ya san sunansa, kuma addu'a ba ta ɓatan hanya. Ki tambayi tsofaffin unguwa, wataƙila a dace.

Yayanki,
Nata'ala Balarabe

*

Sango, Agege
12 ga Nuwamba, 2000

Yaya Nata'ala,

Salamu alaikum, ina gaisuwa. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin gwiwa.

Na bi shawararka ta hedimastoci. Iya Hansai mai koko ta rantse Isa ne, ta ce ita ta dafa tuwon sunan. Baba Abdulbaƙi mahauci ya ce Idi ne, shi ya feɗe ragon. Da na lissafa, lokacin shekararsa shida. Saura kaɗan su daku a gabana, tsofaffi biyu da haƙoransu ba su kai goma ba.

Na hau danfo har Apapa, ofishin da ke ajiye tsofaffin littattafan sojan ruwa. Ogan wurin mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya duba Isa ya duba Idi, babu na Agege. Ya ce littattafan bisa suna aka jera su, ba bisa gari ba. Ya ce, "Madam, wetin be im real name?" Na ce masa uwarsa kaɗai ta sani, kuma ba za ta faɗa ba. Ya dube ni kamar na zauce.

Yanzu ka zauna ka karanta wannan da kyau. Da na koma wurin Baba Kofur jiki a sanyaye, sai ya kore mutane ya ba ni labarin da ya ɓoye shekara talatin da biyu. Yana cikin sojojin da aka ritsa da su a wata fadamar ruwa can wajen Fatakwal, an harbe shi a cinya. Ƙaramin jirgi ne ya riƙa shigowa cikin ruwan harsashi yana kwashe masu rauni, kuma Yayanmu ne a kan sitiyari. Sawu na farko ya fita da mutum tara. Sawu na biyu har da Kofur, ya ce Yaya ya ɗauke shi a kafaɗa yana yi masa tsiya, wai sojan ƙasa ya zo ruwa yana kuka. Aka ce kada ya koma, ya ce akwai sauran mutum shida. Daga sawu na uku ne bai dawo ba. A can kowa "Agege" yake kiransa, shi ya sa Kofur ma bai san sunan ba. Ya ce kunyar Inna ce ta hana shi faɗa, shi ya dawo da ƙafarsa ɗanta bai dawo ba.

Yaya, na yi kuka, amma wallahi da na fito ji na yi kamar na fi kowa tsayi a kasuwar nan. Irin wannan mutum ne za a tsallake sunansa?

Ga dabara. Kada ka ce ta faɗa. Ka zauna kusa da ita ka riƙa jero sunayen maza, in ka zo kansa ta gyaɗa kai kawai. Bakinta bai furta ba, kunyarta na nan. Ka yi mini wannan don Allah.

Taka,
Furera

*

Malumfashi
30 ga Nuwamba, 2000

Ƙanwata Furera,

Bayan gaisuwa, barkanmu da shiga wata mai alfarma. Allah ya karɓi ibadunmu.

Labarin Kofur na karanta shi sau uku a ofis, na rufe ƙofa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Ban karanta wa Inna wannan ɓangaren ba, gaisuwarki kawai na isar.

Dabararki na gwada, kuma na yi nadama. Ranar Asabar da hantsi tana tsince wake a tsakar gida, na ce ana son sunan Yaya a rubuta a Ikko, ba sai ta yi magana ba. Na fara: Adamu, Nuhu, Ibrahim, Isiyaku. Ban kai na goma ba ta ajiye faifan. Ta ce, "Nata'ala, ɗan nawa akuya ce da ta ɓata, da za ka yi mini cigiyarsa?" Ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta amsa mini gaisuwa da baki ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da zai tafi tafiyar ƙarshe, mun raka shi tasha, ni da Inna, kina goye a bayanta kina barci duk girmanki. Jirgin ƙasa ya yi kuka, sai ya durƙusa a gabanta yana dariya ya ce, "Inna, yau dai ki kira ni da sunana sau ɗaya, in ji yadda yake a bakinki." Mutane na kallo. Ta ja mayafi ta kau da kai, ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Allah ya kiyaye hanya." Ya tashi yana dariyarsa ya hau. A hanyar komawa gida ta riƙe hannuna da ƙarfi har ya yi mini ciwo.

Kin ga ke nan ba kunya kaɗai muke taɓawa ba. Abin da ta hana shi da ransa muke so ta ba mai sassaƙa dutse. Ni dai na tsaya nan, kuma ina roƙonki ki tsaya. Shekarunta sun wuce saba'in, ga azumi a bakinta.

Yayanki,
Nata'ala Balarabe

*

Sango, Agege
11 ga Disamba, 2000

Yaya,

Salamu alaikum, barka da shan ruwa.

Na tsaya. Da na san da maganar tasha da ban sa ka ba. Ni da baki na kamar rediyo, ban taɓa tunanin shirun Inna yana da nauyi haka ba. Ka roƙa mini gafararta, ka ce rashin hankalin autarta ne.

Na je na gaya wa Baba Kofur a cire mu. Ya ce ba zai karya dokar da shi ya kafa ba, amma ba zai bari a cike gurbin ba. Za a bar layi biyu babu rubutu a saman allon. Ranar taron, idan ya zo wurin, zai yi shiru gwargwadon kiran suna biyu, sannan ya wuce. Ya ce duk wanda ya tambaye shi dalili, zai nuna masa cinyarsa.

Na amince, amma ba zan yi maka ƙarya in ce raina ya yi daɗi ba. Mutum arba'in da ɗaya za a kira, danginsu su amsa. Ni zan tsaya a can da sabon leshina, in ji an yi shiru a kan mutumin da ya koma saboda mutum shida. Jikokinmu za su zo su ga dutse fari. In Inna ta tafi, Allah ya ja kwananta, sunan ya tafi ke nan har abada, kamar ba a taɓa raɗa shi ba. Wannan ne ke hana ni cin abin buɗa baki.

Kada ka karanta mata wannan. Ga goro farare na aiko mata da Mahamadou, na zaɓa da hannuna.

Ƙanwarka,
Furera

*

Malumfashi
22 ga Disamba, 2000

Furera,

Salamu alaikum. A tsaye nake rubutu, Mahamadou ya tayar da mota.

Inna ta lura takardunki dogaye ne, karatuna gajere. Jiya ina makaranta ta sa Zinariya ta ɗauko su duka ukun ta karanta mata, har da labarin jirgin. Ta sa aka maimaita mata wurin sawu na uku.

Da na dawo ta kira ni ɗakinta, ta ce in zo da biro. Ta juya ta fuskanci bango. Sannan ta ce, "Ƙasimu." Ta sake cewa, "Ƙasimu," a hankali, ba da ni take ba.

Ki kai Apapa a duba, ki kai wa mai sassaƙa, layi biyu suna ɗaya.

Ta kuma ce in sayi tikitin mota, muna tafe ranar sha biyu ga Janairu. Na kawo maganar gwiwa, ta ce ba ta tambaye ni ba. Saƙonta ga Kofur shi ne ta yafe masa ɓoyon da ya yi, kuma ya kira sauran arba'in da ɗaya, ya haɗa da Saje. Ki samar mata kujera a sahun gaba. Na ɗanta, ita za ta kira shi da bakinta.

Yayanki,
Nata'ala