Ka Buga Mini Fuskar Balbela

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Baban Balbela.

Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta daɗe ba ta ji muryar mijinta ba. Yaya jiki, yaya aiki, yaya baƙunta? Inna tana gaishe ka, ta ce in tambayi ɗanta ko yana cin abinci. Na ce mata to, ko da yake ni da ita duk mun san amsar. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san inda karatuna ya tsaya. Da kana ɗaga waya da ban wahalar da idonka ba. Amma wayar takan yi ta ƙara har ta gaji ta yi shiru, ni kuwa maganar da ke cikina ta yi nauyin da ba zan iya ci gaba da ɗaukarta ni kaɗai ba.

Wayyo masoyina! Tun da ka tafi birni koyon aikin nan, gidanmu ya koma kamar rijiyar da ruwanta ya janye, idan na yi magana muryata ce take dawo mini. Nakan ji ana buɗe ƙofa in miƙe da sauri, ashe iska ce. Nakan zuba shayi kofi biyu, sai na ajiye sannan in tuna. Rigarka ta aiki mai ɗigon fenti tana nan a ƙusa, na hana kowa wanke ta, don har yanzu da sauran ƙamshinka a wuyanta. 'Yarmu dai Allah ya karɓi abinsa, zazzaɓi ya zo ya tafi da ita, na yi kuka, na haƙura gwargwadon iyawata. To kai fa? Kai da kake raye, kake numfashi, don me za ka bar ni ina makokin mutum biyu?

Ban manta ni na tura ka ba. Shekara da shekaru kana kan tsani kana rubuta wa mutane allon shago, ni na ce hannun nan ya fi ƙarfin zanen kwalbar lemo da kan aski. Ka shiga makarantar zane da furfura ta fara leƙo maka a gemu, ka zauna benci ɗaya da sa'o'in ƙannenka, ba ka ji kunya ba. Da aka yi mana rasuwa ka ce ka fasa, zangon koyon aikin ma ba za ka je ba. Ni na ninke maka kaya, na sa jakar a hannunka, na ce tafi, zaman nan zai kashe ka. Ban yi nadama ba har yau. Sai dai ban san cewa ka tafi da makokin a cikin jakar ba.

Maigidanku na gidan bugun zane ya kira ni. Kada ka yi fushi da shi, dattijo ne, kuma da ƙyar maganar ta fito masa. Ya ce, "'Yata, na daɗe ina karɓar ɗalibai, ban ga hannu kamar na mijinki ba. Amma ba na sa hannu a kan katako, a kan takarda nake sawa." Ya bayyana mini a hankali yadda zan gane. Kowane ɗalibi sai ya sassaƙa zanensa a kan katako, ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya sa a inji ya matse, abin da ya fito shi za a rataya ranar baje koli. Wanda bai buga ba, makaranta za ta ɗauka bai yi zangon ba, kuma ba a maimaita wa kowa. Ya ce abokanka duk sun buga nasu, har wanda ya zana akuya ta fito kamar kujera. Kai kuwa ka gama sassaƙa tun kafin kowa. Kullum kana buga aikin mutane daga safe har yamma. Amma idan ka ɗauko naka, sai ka zo gaban injin ka tsaya, ka yi ta kallo, sannan ka naɗe shi a riga ka mayar. Ya ce ranar Juma'ar makon gobe zai rufe karɓa. Ya ce, "Na yi faɗa, na yi lallashi, yanzu saura ke."

Ai na san katakon, ya sanyin idona. Ka tuna zuwan da na yi maka? Na sauka a tasha kaina yana juyawa saboda hayaniya, ka riƙe mini hannu muka tsallaka titin nan mai faɗi kamar kogi, ina ta salati kana dariya. Ka hau da ni benen da matakalarsa ba ta ƙarewa, zuwa ɗakin da kuke haya ku huɗu. Katifu a ƙasa, igiyar shanya ta ratsa tsakiyar ɗaki, an rataye zane da safa a jere, butar lantarki ɗaya ita ce ta shayi ita ce ta dafa taliya. Dogon nan da kuke kira Sanda ya yi tsalle yana tura kwanukan da ba a wanke ba ƙarƙashin tebur da ƙafa, yana cewa, "Matar Tsoho ta iso, kowa ya nemi rigarsa!" A ranar na san Tsoho suke kiranka. Mai tabarau ɗin nan ya kawo mini shayi a gwangwanin da yake wanke buroshi, ya rantse ya ɗauraye, na sha ina jin ɗanɗanon shuɗi. Ya ce, "Anti, don Allah ki tafi da mijinki, ya hana mu barcin safe, wai shi uban gida." Na yi dariya har da hawaye, dariyar farko tun bayan rasuwar. Na ce a raina, yaran nan za su riƙe mini shi.

Da suka fita suka ba mu wuri, ka jawo abin daga bayan katifa ka kwance rigar. Ya Allah! Ga goshin 'yarmu, ga kumatun nan, ga bakin da yake shirin yin tambaya. Ga yadda take karkata kai idan tana bin ka a baya duk inda ka sa ƙafa, abin da ya sa ka raɗa mata Balbela. Ka ce in rufe ido. Ka kama babban yatsana ka bi da shi kan layukan da ka sassaƙa, daga gira zuwa kunne, daga kunne zuwa haɓa, a hankali kamar mai bin sawun tsuntsu a kan yashi. Hannunka a kan nawa, numfashinka a gefen wuyana, motoci suna ta ihu a ƙasa amma ni ban ji komai ba. Tun da aka ɗauke ta ba mu taɓa zama mu uku ba sai ranar.

Da na buɗe ido na ga ɗan tabon nan na faɗuwar da ta yi a bakin murhu yana girar dama. Na ce, ai a hagu yake. Ka yi murmushi ka ce a kan katako komai a juye ake sassaƙa shi, hagu ta koma dama, sai an buga a takarda yake komawa daidai. Ka ce, "Ki bari sai na buga, za ki gan ta sak." Kai ka faɗa da bakinka, rabin raina. Ina nan ina jira.

Ka kai ni gidan aikinku ma, na ga injin. Ƙarfe ne baƙi mai nauyi, da babban gargare a gefe da ake juyawa da hannu. Na ga yadda kuke kwantar da katako a kan shimfiɗarsa, ku lulluɓe da farar takarda, ku ƙara da bargo, sannan ku tura shi ƙarƙashin ƙarfen har ya ɓace. A lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da dattijon ya gama magana na ajiye waya, abin ya faɗo mini, na zauna a ƙasa daɓas.

Na san abin da kake gani, Baban Balbela. Kai ka ɗauke ta a hannunka a cikin farin ƙyalle. Kai ka shiga kabarin ka kwantar da ita, kai ka ga an rufe. Ni ina gida mata sun kewaye ni, ana riƙe ni, ana ba ni ruwa. Kai wa ya riƙe ka? Ka dawo da ƙasa a gwiwar wandonka, ka zauna kana amsa gaisuwar mutane, kana cewa mun gode, mun gode. Ban taɓa tambayarka yadda ka iya ba, kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Yanzu an ce ka sake kwantar da ita, ka baƙanta mata fuska da tawada, ka lulluɓe ta da fari, ka danne da ƙarfe da hannunka. Wane uba ne zai iya wannan cikin sauƙi? Wallahi ban ga laifinka ba, ko kaɗan ban gani ba.

Amma ka saurare ni, ya tauraron asubata. Ni ba mai ilimi ba ce, abin da idona ya gani kawai zan faɗa. Na tsaya na ga ka tura aikin wani a ƙarƙashin ƙarfen nan, na kuma ga ya fito ta ɗaya gefen. Ka ɗaga bargon, ka kama gefen takarda ka ɗago a hankali, sai ga hoto. Katakon ma ko ƙwarzane bai yi ba. Wancan ramin ya karɓa bai mayar ba, wannan kuwa mayarwa yake yi. Muddin tana naɗe a rigarka a bayan katifa, tabon yana gefen da ba nasa ba, tana kallon inda ba ta saba kallo ba. Ka bar 'yata a juye, Baban Balbela. Har yaushe?

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa ko Inna ba. Fuskarta ta fara guje mini. Muryarta tana nan, nauyinta a bayana yana nan, amma idan na rufe ido ina neman fuskar, sai ta yi ta rawa kamar wata a cikin ruwan kwano. Hotunan da ke wayata duk ka san su, babu na kirki, ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta ba. Nan hannu, nan gefen kunne, nan ta juya baya tana gudu. Fuskarta cikakkiya wuri ɗaya ta rage a duniyar nan, kuma kai kaɗai kake kallonta. Ashe ba tare muka haife ta ba? Ina roƙonka da girman Allah, kada ka yi mini rowarta! Ba don makin makaranta kaɗai nake magana ba, ko da yake shi ma yana ci mini rai. Ina tsoron ranar da za ka dawo hannu wofi, ka sake hawa tsani, ka riƙa kallon kanka a matsayin wanda ya kasa, kana kuma ɗora wa yarinyar da ba ta san komai ba. Na san halinka, ba za ka yi magana ba, za ka dai ƙara yin shiru, ni kuwa shirun nan naka ya kusa gamawa da ni.

Idan kunyar idon mutane kake ji, ba ka son baƙi su tsaya a kanta suna nuna ta da yatsa ranar baje koli, ni na yarda su gan ta. Su gani su san an yi wata yarinya mai tabo a gira, mai tambayar da ba ta ƙarewa, wadda ubanta ya san kowane layi na fuskarta.

To ga abin da na yanke, kuma ba shawara nake nema ba. Na gaya wa Inna, ta sa mini albarka. Zan shigo motar safe ranar Laraba. Na roƙi maigidanku, ya ce zai ba mu wurin mu kaɗai bayan an tashi. Ba sai ka taɓa tawadar ba, ni zan shafa. Kullum bayan wanka ni nake shafa mata mai a fuska, tana zillewa tana cewa ya isa, ina cewa saura goshi. Hannuna ya san hanyar, ka nuna mini yawan da ake sawa kawai. Ni zan kwantar da ita, ni zan lulluɓe ta, wannan karon ina wurin. Kai gargaren kawai za ka juya. Idan hannunka ya ƙi, zan ɗora nawa a kai mu juya tare. Mu tsaya a ɗaya gefen mu tarye ta.

Idan kuma muka je gaban injin duk mu biyu muka kasa, shi ke nan. Mu naɗe ta mu dawo gida, ba kuwa za ka taɓa jin na tayar da maganar ba har abada. Da takardar makaranta ko babu, kai ne mijina, kai ne bangon da na jingina, kai ne garin da zuciyata take kwana. Ban so wani kafin kai ba, ba kuma zan so wani bayanka ba. Abu ɗaya nake roƙo: ka zo tasha ka tarye ni. Ka san ba zan iya tsallaka titin nan ni kaɗai ba.

Taka a yau, taka a gobe, taka har ranar da za a haɗa mu da ita,

Maman Balbela